Ashirin da Uku Cikin Dubu

A Ilave, kusa da tafkin Titicaca,
inda numfashi ɗaya ba ya cika ƙirji,
ni ne mai lissafin asibitin gunduma.
Ba na taɓa allura.
Fortunata ce ke huda yatsa,
ta ɗiga jini a bakin na'ura,
ta kira lamba, ni kuma in rubuta.

Shekara huɗu ina tara lambobin nan.
Ranar da na zuba su a takarda guda
sai suka tsaya kamar tsibin hatsi a masussuka:
tozo a tsakiya,
gefe da gefe na gangarowa sannu,
can nesa ƙwaya ɗai-ɗai, rabon kaji.
A jami'a ƙararrawa muke ce wa wannan siffa.
Ni dai ban taɓa jin ta kaɗa ba.

Ashe tsibi biyu ne.
Babban na masu lafiya,
ƙaramin na masu ƙarancin jini, taku uku zuwa hagu.
Da kowanne ya tsaya a gonarsa
da na yi barci har da minshari.
Ina! Gefensu ya hau juna
kamar siket ɗin mata biyu
a kujera ɗaya ta motar kasuwa.

Aka ce in ja layi.
Na ja shi taku biyu ƙasa da tozon babban tsibi,
lissafi kuwa bai rufa mini asiri ba:
cikin yara dubu masu ƙoshin lafiya
ashirin da uku za su faɗo bayan layin,
a ce jininsu ya gaza, alhali kalau suke.
Cikin ɗari masu ciwon na gaske
sha shida za su tsallake,
a shafa musu kai, a ce su tafi gida.

Na tura rula rabin taku zuwa dama.
Sha shida suka koma bakwai.
Har na fara murmushi,
sai na duba ɗaya hannun:
ashirin da uku sun haifi sittin da bakwai.
Gaba kura, baya sayaki.
Na mayar da rular inda take.

Ran Laraba Dionisia Ticona ta sauko daga tsauni
goye da Nélida cikin mayafi mai ratsi-ratsi.
Shekararta uku, sanyi ya fasa mata kumatu,
ta wafce rulata ta kai baki.
Lambarta ta faɗi ƙasa da layi
da abin da bai kai kaurin gashi ba.

Fortunata ta yi bayani da Aimaranci, a tsanake.
Uwar ta saurara har ƙarshe,
sannan ta juyo da hularta wajena:
"Kai ne mai takardar?
An ce akwai waɗanda na'urar ke yi wa ƙazafi.
Tawa tana cikinsu?"

Na san faɗin tsibin, na san tsayinsa,
na san nauyin jelarsa har ɗigo na huɗu.
Amma tsibi adadi ya sani,
bai san sunan kowa ba.
Na ce, "Sai an sake gwaji a Puno, ran Litinin."

Ta ƙirga kuɗin mota a tafin hannunta,
ta ƙirga yini guda tumaki ba makiyayi,
ta ce za ta gani.

Da dare na zuba lambar Nélida cikin sauran.
Tozon bai motsa ba, ko kaɗan.
Na ɗauki rula zan ajiye a aljihun tebur,
yatsana ya ji wani ɗan gurbi
tsakanin sha ɗaya da sha biyu:
shatin haƙora huɗu, ƙanana.